Ranar da na sauya citta a teburin 'yata

Makarantata ta tsaya a firamare, don haka da autata ta ce aikinta na ƙarshe a jami'a shi ne ta sa citta ta yi magana, ban gane ba, kuma kunya ta hana ni sake tambaya. Abin da na gane shi ne, idan malamai ba su karɓi aikin ba, sai ta maimaita shekara.

Ta yi mini waya ta ce, "Mama, ki tono mini citta guda biyar, ki zo da ita yadda take."

Na tono. Amma mu a Madakiya ba ma kai wa manya ɗanyar citta da ƙasa a jikinta. Sai na zaɓi busasshiya wadda na fasa da hannuna, fara tas, na ƙulla a leda don malamanta. Tun daga gida har Kafanchan ina taɓa jakata, ko na manta wani abu.

A jami'ar, babban ɗaki ne, kowane ɗalibi da teburinsa. Ta jera ɗanyar cittar, ta maƙala wa kowacce waya mai launi dabam, wayoyin suka shiga wani ɗan akwati kusa da kwamfuta. Ta ce in tsare mata wurin, za ta je ta sa hannu a takarda.

Na dubi teburan maƙwabta, komai yana walƙiya. Na dubi namu, ga ƙasa ta zuba a farin ƙyalle, ga ɗaya daga cikin cittar har ta fara baƙi a gefe. Za a ce uwar yarinyar nan manomiya ce amma ba ta san citta mai kyau ba. Na ciro busasshiyar, na sauya su ɗaya bayan ɗaya, ja a wurin ja, shuɗi a wurin shuɗi. Sau uku na duba. Ɗanyar kuwa na mayar jaka, don iri ba abin zubarwa ba ne.

Ta dawo tare da malamai uku, tana gaba tana bayani da Turanci, ba ta kalli teburin ba. Babbansu, wani dattijo mai tabarau, ya riƙe ƙarfen da ta miƙa masa, ya taɓa citta ta farko. Shiru. Ya taɓa ta biyu. Shiru.

Sai a lokacin ta duba. Ban taɓa ganin fuskar 'yata haka ba, ko ranar da aka binne babanta. Ta san daga hannun wa wannan fasasshiyar cittar ta fito, amma ba ta juyo wurina ba. Dattijon ya fara rubutu a takardarsa.

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce. Ni na sauya. Waccan tana da datti."

Ya sauke tabarau. "Mama, ina waccan ɗin?"

Na zazzage jakata a gabansu, har da littafin waƙoƙin zumuntar mata. 'Yata tana mayar da wayoyin jikin ɗanyar, tana cewa, "Mama, ruwan da ke cikin cittar ne wutar take bi. Kin shanya shi ya tafi."

Dattijon ya taɓa mai baƙin. Sai murya ta cika wurin: "Wannan ta kamu da cuta. Kada ki shuka ta, kada ma ki ajiye ta kusa da iri."

Na ce, "Yesu!" Muryata ce. Watanni baya ta zauna da ni a gona tana ta tambaya, wayarta a cinya tana ɗaukar muryata, ni kuwa na ɗauka hira ce. Ashe ruɓaɓɓiyar da nake ɓoyewa, da gangan 'yata ta riƙe ta. Ya taɓa wata, na ji kaina ina bayanin yadda ake rufe kunyar citta da ganye, har da inda na ce, "Ke kin cika tambaya, miƙo mini fartanya." Mutane suka fashe da dariya, suka taru, kowa yana son ya taɓa. Ni dai na kasa zama, na kasa tafiya.

Dattijon ya soke abin da ya fara rubutawa, ya rubuta wani. Ya ce wa 'yata ta ci jarrabawar, amma ta ƙara a rahotonta cewa busasshiya ba ta aiki, tunda an gwada a gabansa. Sannan ya nuna ledata. "Mama, wannan bebiyar fa, ta wa ce?"

Na ce tasu ce. Ya ɗauka.

A mota 'yata ta kwantar da kai a kafaɗata. Sai da muka kusa gida na iya tambayarta ko akwai wani abin da na faɗa a gonar da bai kamata malamai su ji ba.