Matar da ta auna tsamin hanjin mijina

"Ba zan je ba!" in ji Maigida. "Matar da ta zura min roba a hanci zan je yi wa bankwana?"

Na ce, "Kai da ka zage ta tas, Malam? Ko kunya!"

To, tunda ya ƙi, ni zan faɗa wa duniya. Nas ɗin ɗakin gwajin ciki nake nufi, wadda za ta ajiye aiki gobe. Sista muke ce mata. Kullum da safe ita ke buɗe ɗakin nan na ƙarshen baranda, ta shirya siririyar robarta. Ta hanci robar ke shiga, ta wuce tumbi ta sauka ƙaramin hanji, na'ura ta riƙa nuna tsamin wurin yayin da abinci ke narkewa. Dole sai mutum ya ci abinci da robar a hancinsa, in ba haka ba aikin banza aka yi.

Ranar da na kai shi gwajin, nan Maigida ya tubure. Wai dattijo kamarsa ba zai ci abinci gaban mace da igiya na reto a gemu ba. Mutumin da ya rame ya zama sanda, komai ya ci wucewa yake! Ya ce mata mara tarbiyya, ya ture faranti, miya ta wanke mata farin kaya.

Kun san me ta yi? Ta yanko guntun roba ta manna a nata hancin da filasta, ta jawo kwanon abincinta ta zauna. "Baba, yanzu mun zama mu biyu. Bismillah." Sai ga shi yana ci. Da awon nan likita ya gano maganin da ya dace. Mai sharar asibitin ta tsegunta min cewa haka take yi wa duk mai taurin kai, shekara da shekaru, amma da sun warke ba mai leƙo ta.

Sista, ke ce mai haɗiye zagi ki miƙa cokali. Ke kika mayar min da tsohona, har ya samu ƙarfin yi min tsawa. Allah ya saka miki. Ku kuma 'yan matan asibiti masu latse-latsen waya, ku koya kafin ta tafi.

Da na gama rubuta wannan, na karanta wa Maigida da ƙarfi. Ya zaro ido. "Duka kika rubuta?"

"Duka. Surukanka ma za su karanta."

Ya miƙe ya fizgi hularsa. "Gara ta ji ban-haƙuri daga bakina kafin ki tona min asiri, magulmaciya!"

Ya buga ƙofa, garam.