Gyaran Da Na Yi Wa Baba Sale

Har yau ban manta da Talatar da Baba Sale ya zo shagona a Nguru sayen 'ya'yan tarwaɗa ba, farkon watan Maris, zafi ya soma. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya ba ku san shi ba. Masunci ne daga Gashuwa, abokin mahaifina, a hannunsa na fara sarin banda. Da ciyawar kacala ta toshe wuraren da yake su, ƙarfinsa kuma ya ja baya, sai ya sayar da kwalekwalensa ya gina tafkin siminti a bayan gida.

Ƙa'idarmu, kafin ka ƙirga wa mutum kifi, ka tambayi girman tafkinsa, domin idan suka cunkushe iskar da ke cikin ruwa ba ta isar su. Ya ce nasa taku huɗu ne da uku. Na ce, "Baba, ɗari biyar sun ishe shi."

Ya yi dariya. "Ɗanlami, yaushe aka haife ka? Da rani na sha ganin tarwaɗa sun cika kududdufi ba masaka tsinke, kuma suna nan da ransu. Ba ni dubu."

Na san na kududdufi damina kawai suke jira, ba girma suke yi ba. Amma na ji kunyar musu da shi. Na ƙirga dubu, sannan don girmamawa na ƙara masa gyara, ɗari biyu. Ya yi ta sa mini albarka.

Bayan mako bakwai na leƙa shi da safe. Ruwan ya yi duhu yana wari, kifin sun taso sama suna buɗe baki, manya sun fara cinye ƙanana. Na ce ya bari in kwashe rabi in kai nawa tafkin in riƙe masa.

"Ka ba ni kyauta da hannunka, in mayar maka? A ce Sale ya kasa riƙon kifi?"

A makon ne famfon burtsatsensa ya lalace, kwana biyu ba a canza ruwa ba. Da na koma, na same shi da shebur yana haƙa rami. 'Yan kaɗan da suka tsira ba su kai tafin hannu ba. Bai zarge ni ba. Cewa kawai ya yi, "Shekara hamsin ina kama kifi, ban taɓa binne shi ba sai yau."

Ya koma Dapchi wurin 'yarsa, can Allah ya yi masa rasuwa da daminar. Allah ya jiƙansa.

Shi ya sa kuke ganin ba na sayar da kifi sai an auna tafki, gyarana kuma abincin kifi ne, ko ɗan tarwaɗa ɗaya ba na ƙarawa. Wasu suna ce mini marowaci, ba na damuwa. A sana'ar nan, in ka ji kunyar dattijo ka ɓoye masa gaskiya, shi zai haƙa ramin, kai kuma ka tsaya kana kallo.