Ƙahon Mahaifina

Gidan yana bayan Ƙofar Durbi, tsohon gidan ƙasa mai zaure biyu da soro. Masu shi suka bar shi a zuba kayan mutanen da, yara su gani. Mu muka riƙe shi lokacin soja, ƙungiyar sa-kai, ba mai ba mu ko sisi. Mu share, mu yaɓe, mu kori awaki. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare, amma ni ke zagayawa da baƙi, don na san kowane tandu da mai shi. A zaure na biyu na rataye zabirar mahaifina, wanzami ne, da askarsa da ƙahonin da yake tsotse wa mutane mataccen jini.

Da aka koma farar hula sai ga masu manyan riguna. Aka ce ƙungiya sai da uba. Aka kawo mana wani Alhaji daga GRA, wanda ya tashi a Legas, ko hanyar Durbi sai direba ya nuna masa. Kujera yake nema, shi ya sa yake son a ce ɗan cikin birni ne. Ranar farko ya tsaya gaban zabirar ya toshe hanci.

"Wannan tsohuwar jaka fa? A fitar da ita, wari take. Tarihi muke so."

Na ce, "Alhaji, ta ubana ce."

Ya ce, "To uban naka sarki ne?"

Aka yi dariya, har da waɗanda muka ci kwaɗo kwano ɗaya da su. Aka jefa ta ɗakin tsintsiya. Na haɗiye. Amma ni ba na yafe irin wannan, kuma kada wani malami ya zo mini da wa'azi.

Da zaɓen fid da gwani ya matso, Alhaji ya tara dattawan unguwa da 'yan jam'iyya a gidan. Da safe ya ja ni gefe.

"Malam, samo mini wani abu da zan ce na kakana ne. Na yaƙi."

Na ce, "Akwai ƙaho."

"Na busawa?"

"Ai baki ake sa mashi, ranka ya daɗe."

Ban yi ƙarya ba. Na shiga ɗakin tsintsiya na zaɓo mafi girma cikin ƙahonin mahaifina, na goge shi da man gyaɗa.

Bayan la'asar ya miƙe gaban mutane, ya ce da wannan ƙaho kakansa yake tara mayaƙa. Ya kafa baki a tsinin ya hura. Iska kawai ta fita. Ya sake hurawa har idonsa ya yi ja. Can wani tsoho mahauci daga baya ya ce, "Alhaji, tsotsa ake yi, ba hurawa ba. Wanga ƙaho ni ya sha bayana."

Wani ya ce, "Ashe jikan wanzamai ne. Allah shi ja zamanin Sarkin Aska."

Na jingina da ginshiƙi ina kallon leɓensa. Sai gogewa yake da hannun riga.

Washegari 'yan ƙungiya suka karɓe mini makullin gidan. Sakatare ko idona bai iya kallo ba, wai na zubar da mutuncin ƙungiya. Na ce a ba ni kayan ubana. Suka ba ni zabira da aska, ƙahon kuwa aka ce Alhaji ya taka shi da takalmi ya fashe.

Takarar ma bai samu ba, kuma har yau 'yan acaɓa in sun ga motarsa sai su ce, "Alhaji, a yi mana ƙaho." Wasu na cewa ya isa haka. Ni bai ishe ni ba. Duk Juma'a ina zama sahun da ke bayansa a masallaci, don in ya yi sallama ya waiwayo, ni zai fara gani.