Kofunan Tsere a Saman Jerena

Maigidana direban tasi ne, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don haka ba, ko da yake gidan malamai aka kai ni a Kwarbai. 'Yan'uwansa duk alƙalami suka riƙe, shi kaɗai ya riƙe sitiyari. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, direbobi suka share wani fili a bayan Ƙofar Gayan, suka fara tsere ran Lahadi da motocin da suke haya da su. Ba wata mota ta musamman, sai dai a cire kujerar baya, a ɗaure ƙofofi da igiya.

Ban taɓa ganin tseren da idona ba, don ba na fita. Daga tsakar gida nake jin rurin injuna ta saman ganuwa, kuma na san kukan motarsa, tana da wani ɗan tari in ta sha kwana. A kwana yake cin mutane. Wanda ya koyi tuƙi a lungunan birni, inda katanga ke gogar madubi hagu da dama, ai kwanar fili wasa ce a wurinsa. Shekara uku a jere yana zuwa na ɗaya. Direbobin Kaduna suka zo da cika baki, suka koma shiru. Kowane karo a ba shi kofi na farin ƙarfe mai hannu biyu, ya ajiye a shagonsa na kusa da zaure.

Surukina, Malam, bai taɓa son abin ba. Ran da wani baƙo ya tambaye shi a gaban jama'a ko shi ne uban mai tseren nan, sai ya kira ɗansa, ya ce kafin Juma'a kada ya sake ganin kofunan nan a gidansa, tseren ma ya isa haka. Maigida ya shigo da su a buhu, ido ja, wai zai kai wa maƙera su narka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ba ya ɗaga ƙafa a kwana, ga shi tsaye kamar kazar da ruwa ya doka.

Na ce, "Ba ni su. Ka ce ka ba ni."

Ya ce ya ba ni. Na goge su da toka da lemun tsami, na sauke manyan tasoshina uku daga saman jere, na ɗora kofunan a wurinsu. Kowa ya san jere na mace ne, ba mai taɓa mata ko murfi. Kowa kuma ya san suruki ba ya taka ɗakin matar ɗansa. Malam ya ce kada ya gan su, to ba zai gan su ba. Matan gida suka yi ta salati, wai na yi tsaurin ido. Na ce su shigo su sha kallo, ba na hanawa.

Da kakar tseren ta zagayo, maigida ya ce ba zai fita ba, tunda an hana shi. Ban ce ya saɓa wa mahaifinsa ba. Na dai matsar da kofunan na buɗe gurbi, na bar shi yana kallon gurbin kwana shida. Ran Asabar ya je ya durƙusa a zaure, ya daɗe. Da ƙyar Malam ya ce, "Je ka, tunda ba ka ji." A ranar Lahadi wani gwani daga Kano ya riƙe gaba har zagayen ƙarshe. Ina tankaɗe na ji tarin nan a kwana, sai ihu ya taso. Na ajiye rariya na yi guɗa ni kaɗai, a gidan da ko dariya ba a ɗagawa.

Bayan kwana biyu da hantsi na ji gyaran murya a bayan asabari. Malam ne, tsaye nesa da ƙofa, ya ba ɗakin baya. Na durƙusa daga ciki.

"Nawa ne yanzu?"

"Huɗu, Baba."

"To, ya isa. Motan nan shi ne ajalin shi, ina faɗa maku."

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya, na riga na gyara wurin na biyar."

Sai na ji takun takalminsa yana komawa zaure.

Na biyar bai zo ba. Da damina zazzaɓi ya kwantar da maigida, kwana tara ya rasu a kan gadonsa, fuskarsa tana kallon jere, motar tana fake lafiya lau a ƙofar gida. Masu zuwa gaisuwa har wasu na cewa dama sun faɗa. Na share hawaye na tambaye su me suka faɗa. 

Tasoshin duk na rabar wa 'ya'ya da jikoki. Kofunan huɗu suna nan, ina goge su da toka, gurbin nan kuma ban yarda an sa ko cokali a cikinsa ba.