Kwalbar da Na Musanya a Bagudo

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina fataucin goro tsakanin kasuwar Lolo da ƙetaren iyaka, ƙasar Dahome da yanzu ake ce wa Benin. Ni ba mai yawan surutu ba ne, amma wannan, wallahi tallahi, a kaina ya faru, kuma da rana tsaka.

Yayana Garba, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya kamu da ciwon barci a Geza. Tun yana gyangyaɗi a gona har ya kai yana barci da loma a baki. Mutanenmu kuwa sun yarda cewa muddin ana iya tashin mai wannan ciwo to da sauran rai, shi ya sa ake ta ba shi goro. Goro kam ina da shi huhu-huhu, sai dai Yaya ya kai inda ba ya iya tauna.

Sai na ji ma'aikatan lafiya sun buɗe wani ɗan ɗakin gwaje-gwaje a Bagudo, wai suna da wani farin gari, kafeyin, wato abin nan na cikin goro mai hana barci, an tsamo shi zalla. Na hau keke tun da asuba. Na sami mai kula da ɗakin, Malam Saidu, mutumin Dandi mai sanyin magana. Ya faɗa mini ƙarara cewa wannan ba ya warkar da ciwon, iyakarsa mutum ya ɗan farka ya ci abinci kafin a ɗauko shi zuwa asibiti. Na nace, ya yarda.

Ina tsaye ya auna garin a wani ɗan sikeli, ya zuba a kwalba, ya cika ta da dafaffen ruwa, ya girgiza har ya narke. Na miƙa hannu, ya ce in dakata. Ya ɗebi awo ɗaya ya zuba a kwalba ta biyu, ya ƙara ruwa awo tara, daga ta biyun ma ya sake yin haka a ta uku. Ya ce, "Wagga ta ukku za ka kai mai, cokali guda da swahe."

To jama'a, ni ɗan kasuwa ne, na ga mai nono tana ƙara ruwa, na ga mai zuma yana ƙarawa, kuma duk mai ƙara ruwa a gabana sunansa macuci. Zuciyata ta ce wannan ya ba ni wanda aka tsarka da ruwa ya ajiye wa manya mai kyaun. Ga kwalaben iri ɗaya, ruwan fari tas.

Ana cikin haka aka yi sallama. Na waiga, la'ilaha illallahu, Yaya Garba! Mutumin da na baro sai an juya shi, ga shi tsaye da rigar gonarsa. Malam Saidu ya amsa, har ya jawo masa kujera. Bai zauna ba, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, bar ni in kwana. Na gaji." Ya juya ya fita, Malam ya bi shi yana kira.

Ku ji abin da na yi. Maimakon in bi ɗan'uwana, idona ya ga ɗaki ba kowa, hannuna ya ɗauki ta farko ya ajiye ta uku a gurbinta. Malam ya dawo yana cewa bai ga kowa ba.

Da la'asar na isa Geza, matar Yaya ta rantse ko motsi bai yi ba tun fitata. Na ɗura masa cokali, na ƙara, na ƙara, har rabin kwalba. Ya buɗe ido, mata suka yi guɗa. Bai sake rufewa ba. Jiki na rawa, ƙirji na bugawa kamar ganga, kwana uku. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce, "Har Bagudo ni taka ni roƙe ka. Ina bakin ƙofa kana musanya." Alhali ban gaya wa kowa zancen kwalba ba. Ran na huɗu da hantsi ya cika. Liman ya shafa idon sau uku ya ƙi rufuwa, sai ƙyalle aka ɗaura.

Bayan sadakar bakwai na koma na gaya wa Malam Saidu gaskiya. Bai zage ni ba. Ya ce ya gane tun ranar, ya rasa wanda zai aika. Sannan ya ce, "Shi wancan baƙon fa, wane ne? Kwana ukku shina dawowa da azahar, shi tsaya ga ƙofa shi ce in ba shi ta ukkun."

Har yau ban sani ba ko ciwon ne ya kashe shi ko ni. Ku dai, in masanin aiki ya ƙara ruwa, ku ajiye wayon kasuwa a waje. In kuma marar lafiyarku ya ce ya gaji, ku saurare shi tun yana faɗa da bakinsa.