Eriyar Lukmanu Tana Nan Tana Saurare

Muna shelanta wa mutanen Kura da Bunkure, da duk wanda ruwan kanal ke ratsa gonarsa, cewa daga yau an haramta shanya wanki a kan eriyar da ke bakin gonar Gideon. Mai eriyar ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Injiniya Lukmanu ranar Alhamis, tara ga Rajab, bayan gajeriyar jinya.

Lukmanu, ka ƙare ƙuruciyarka a aikin soja kana sauraron rediyon abokan gaba. Da ka dawo gida, ka tarar ɓarayin injin ban-ruwa sun hana manoma sakat, ka kuma gano da oba-oba, wato rediyon hannu, suke kiran juna. Sai ka kafa eriya, ka haɗa ta da kwamfuta, ka ce za ka koya mata tsamo siginar ɓarawo daga hayaniyar da ke cikin iska, ta buga wa manoma waya.

Muka yi dariya, da yake barkwanci ne sana'armu. Ka ce, "Malam, ɗaliba ce. Abin da aka nuna mata shi take ganewa."

Amma babu ɓarawon da ya yarda a yi darasi da shi, don haka kai ka zama ɓarawon. Rani guda kana zagaya gaɓar kanal da tsohuwar oba-obarka, kana raɗa kamar mai mugun nufi. Gideon mai albasa, wanda aka sace wa inji biyu, na ukun aro ne daga surukinsa, yakan bi ka da ruwan sha yana cewa, "Oga, yau nawa ka sata?"

Ranar sadakar uku, maiɗakinka Rauda tana tattara kayanka, ta murɗa oba-obar ta ga ko tana aiki. Nan take wayoyin masu zaman makoki suka ɗauki ƙara: ɓarawo. Gideon ya ruga gona ba takalmi. Ya tarar injin ya daɗe da tafiya, tiyo kawai aka bar masa, kuma lokacin da aka ɗauke shi eriya ba ta ce uffan ba.

Ashe ɓarawo ɗaya ɗalibarka ta sani a duniya, shi ne mutumin da bai taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. A cikinmu babu wanda ya san yadda ake ƙara mata karatu. Albasar Gideon ta fara kwanciya. Rauda ta cire batirin oba-obar, ta ce ba za ta sake jin an kira ka da sunan ɓarawo ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba Rauda da 'ya'yanka haƙuri, ya dubi Gideon.

Da muka je duba eriyar, zufa ta sa muka rataya hularmu a kanta. Da yake mun karya dokarmu, mun ci kanmu tarar kwandon tumatir ɗaya, za a kai gidan makoki.