Gefen gonar Mama da ke bakin hanya

Bana shekara takwas ke nan da muka binne mahaifiyata, Hannatu, a bayan cocin ƙauyenmu kusa da Nok. Har yau akwai maganar da na faɗa mata da ban samu na janye ba.

Mama manomiyar citta ce. Duk kaka, in an zo tono, sai ta hana a taɓa gefen gonar da ke bakin hanya. Wannan na matan da mazansu suka mutu ne. Ba ta aikawa a kira su, ba ta kuma tsayawa ta gani. Ranar da ta san za su zo, sai ta ɗaura zanen ƙungiyar zumuntar mata ta tafi coci, don kada wata ta sunkuyar da kai a gabanta.

Ni kuwa malamin makaranta ne a Kafanchan, mai ganin kansa ya waye, abin yana ƙona mini rai. Ɗakinta na yoyo, tana tare ruwa da daro, ga kuɗin sabon rufi kwance a ƙasa ta bar wa mutane. In na yi magana sai ta ce, "Bulus, gona na Allah ne. Ni leburan shi ne kawai." A zuwana na ƙarshe na kasa haƙuri, na ce Allah ya ce a bayar, bai ce a zama wawa ba. Gyaɗa kawai ta zuba mini a jaka, ta raka ni har inda ake hawa mashin.

Da gonar ta dawo hannuna, na ci gaba da barin gefen, don gudun bakin mutane, ba don bangaskiya ba. Sai shekarar da ciwo ya ruɓar da citta a ƙasarmu, tsada ta kai inda ba mu taɓa gani ba. Na ce wa 'yan ƙwadago su tone har bakin hanya. Ina tsaye sai ga Mama Saratu, tsohuwar da suke zama benci ɗaya da Mama a coci, da daronta da 'yar fartanya. Ta dubi ƙasar da aka kwashe, ta dube ni. Ta ce, "Ɗana, na zo in gaishe ka ne. Yaya yara?" Ta ɗora daron a ka, ba komai a ciki, ta juya.

Nakan tambayi kaina me Mama za ta ce da ta ga baikon da ake bayarwa a coci yau, inda ake kiran sunan mai bayarwa a lasifika, ana tafi. Ni ma an kira nawa, na kuma ji daɗi. Na san ba za ta yi faɗa ba, shirun nan nata za ta yi, wanda ya fi bulala zafi.

Ba ta bar mana akwati ba, ba ta bar gida mai kyau ba. Wannan gefen gonar ta bari, shi ma na lalata. Bara na bar shi, har na ƙara masa faɗi, na tafi coci kamar yadda take yi. Da na dawo ba sawun kowa. Mama Saratu ta rasu, sauran matan kuma sun riga sun gane gonar ta sake mai ita.

Bana ma na bari. Cittar tana nan a ƙasa, Mama, ina jira.